Yadda Ake Tayar da Tsohon Keke da Hannunka

Yawancin masu koyo da fenti suke farawa. Mutum zai sayo keken gwanjo, ko ya jawo tsohon Rali ko Phoenix na babansa daga zaure, ya ƙarar da kuɗinsa a fenti da sitika da ƙararrawa, ya hau, kafin ya kai bakin titi ƙafar baya ta fara gurnani. Fenti shi ne aikin ƙarshe, in ma za a yi shi.

Fara da gangar jikin keken. Goge wuraren haɗi, musamman wuya da gindin fedal, ka nemi tsaga. In ka ga fenti ya tattare a bayan wuya, ko fok, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba, ya lanƙwasa baya, keken ya taɓa karo da wani abu. Bar wa mai shi kayansa. Tsatsar sama kuwa ba komai ba ce, samfefa na cinye ta.

Ka tanadi sifana lamba 8, 10, 13 da 15, filaya, sukundireba, guduma, giris, kananzir da tsummoki. Kafin ka kwance kowane sashe, ɗauke shi hoto da waya, kuma ka yi aikin a kan faranti, ba a cikin rairayi ba. Fedal ɗin hagu zarensa a juye yake: hannun da ake ɗaure sauran notika, shi can ake kwance shi. In keken mai kota ne, wato ƙusar da ke riƙe hannun fedal, kada ka cire notinta gaba ɗaya. Sassauta shi har ya yi daidai da kan kotar, ka tokare hannun fedal da katako daga ƙasa, sannan ka buga sau ɗaya da ƙarfi. Ƙananan bugu daddaƙe zaren kawai suke yi.

To, ga inda ake faɗuwa: boris ɗin ƙafa. Kwance gefe ɗaya kacal, ka bar ɗayan yadda yake don kada tsakiya ta ɓace maka. Zare ƙarfen tsakiyar ƙafar a hankali, 'ya'yan boris su zubo a farantin, ka ƙirga su tun kafin ka wanke. A yawancin kekuna ƙafar baya na da 9 a kowane gefe, masu girman 1/4 na inci, ta gaba kuma 10 masu 3/16. Wanke komai da kananzir, sannan ka bi da farce a kan kon, wato ƙarfen nan mai tsini da 'ya'yan ke gudu a kansa. In farcen ya ci karo da rami, kon ya mutu, babu giris ɗin da zai raya shi. 'Ya'yan boris kuwa ni ba na mayar da tsofaffi, arha gare su, kuma kada ka cakuɗa tsoho da sabo.

Cika kofin, wato mazaunin boris, da giris, ka jera 'ya'yan a ciki, giris ɗin ne zai riƙe su. Baƙin mai da wasu ke ɗurawa tsiyayewa yake yi ya bar ƙarfe yana cin ƙarfe. Murɗa kon da yatsu har ya taɓa boris, sannan ka dawo da shi baya kaɗan. Riƙe shi da siririyar sifana ka ɗaure notin kulle a kansa. In ba ka riƙe ba, notin zai ja kon ya matse, kuma nan ne mai koyo ke cewa ai ya ɗaure tam. Siririyar sifanar in ta yi wuyar samu, kai wa mai walda tsohuwa ya goge maka ita. Juya ƙarfen da yatsu biyu: in ka ji kamar ana niƙa tsakuwa, ya matse, in yana kaɗawa gefe da gefe, ya yi sako-sako. Kwance ka sake, ko sau nawa ne. Idan ka daidaita, ka ɗaga keken, nauyin bawul kaɗai zai iya juyo da ƙafar ƙasa. Haka za ka yi wa gindin fedal, mai 'ya'ya 11 a kowane gefe, da wuya.

Wajen sayen taya kada ka tsaya a “28”. Karanta ƙaramar lambar da ke jikinta: tsohon Rali 635 ne, keken tsere 622, kuma duka biyun ana rubuta musu 28. Ba sa shiga wa juna.

Sarƙa, auna ta: daga ƙusa zuwa ƙusa ta 24 a gabanta inci 12 ne cif a sabuwa. In ta zarce da 1/8 na inci, canja ta, watakila har da firiwil, wato ƙarfen mai haƙora na ƙafar baya. Ɗiga mai, goge rarar. Sauya robar birki, ka tabbata tana kama ƙarfen wili ba taya ba. Ƙafar da ke rawa, ɗaure sifok, wato wayoyin ƙafar, na gefen da kake son ta koma, rubu'in juyi kawai a lokaci guda. In rawar ta yi yawa, kai wa mai gyara.