Yadda za ka matso kusa da Ubangiji ba sai ka jira taron farkaswa ba

Salama gare ku 'yan'uwa. Akwai wani abu da yake damun da yawa a cikinmu amma ba mu cika faɗa ba, wato mutum yana cikin ƙungiyar mawaƙan coci, yana zumuntar matasa, ba ya fashin addu'ar tsakiyar mako, Asabar ma shi ne mai sharar coci, kowa na cewa ai wane akwai ƙwazo, amma shi a ransa ya san rabonsa da ya zauna shi kaɗai da Ubangiji har ya manta. Marta ma a Luka sura 10 hidima take ta yi kuma ba mugun abu take yi ba, amma Maryamu da ta zauna tana sauraro ita Yesu ya yaba wa. To ga yadda nake ganin mutum zai fara, ba ya bukatar kuɗi, ba kuma sai ka je makarantar Baibul ba.

Ka fara da tsayar da lokaci, kuma don Allah kar ka cika baki. Masu cewa daga gobe awa biyu zan riƙa yi su ne ba sa kai Juma'a. Minti goma sha biyar ya isa a farko. Markus 1:35 ya nuna Yesu ya tashi tun da sauran duhu ya tafi inda ba kowa ya yi addu'a, kuma mu da muke zaune a garuruwan arewa abin ma ya zo mana da sauƙi tunda kiran sallar asuba na tashin yawancinmu ko mun sa alam ko ba mu sa ba, to maimakon ka juya ka ƙara jan bargo ka tashi zaune kawai. Amma asuba ba doka ba ce fa. Mai aikin dare, ko uwa mai goyo da jariri ya hana ta barci, su nemi nasu lokacin, ko da rana ne bayan yara sun tafi makaranta.

Na san wani zai ce Matiyu 6:6 ya ce a shiga ɗaki a rufe ƙofa, ni kuwa ɗaki ɗaya gare mu a gidan haya mu shida. Gaskiya ne. Ka ɗauki kujera 'yar tsugunne ka fita bayan ɗaki, ko ka riga kowa zuwa shago ka zauna kafin ka buɗe ƙofa, manomi kuma ga gindin bishiya nan a gona kafin ya kama fartanya. Abu ɗaya dai, wayar nan. In a waya kake karatu ka kashe data tukuna, in ba haka ba aya biyu za ka karanta saƙon WhatsApp ya shigo, kafin ka ankara kana kallon sitatus ɗin mutane rana ta fito.

Sai abin da za ka karanta. Kar ka riƙa buɗe Littafi Mai Tsarki haka kawai duk inda yatsa ya faɗa ka ce nan Allah ya ba ni yau. Ka ɗauki littafi guda ka bi shi daga farko har ƙarshe. Ni Markus nake ba sabon farawa shawara, sura 16 ne kawai kuma labarin na tafiya da sauri ba ya tsayawa, daga nan Yohanna mai sura 21, sai Ayyukan Manzanni. Sabon Alkawari gaba ɗaya sura 260 ne, kenan ko sura ɗaya kake yi a rana ba za ka cika shekara ba ka gama. Wanda ya fara daga Farawa da zafinsa yawanci a Littafin Firistoci yake maƙalewa, wannan ka bar shi sai ƙafarka ta yi ƙwari. Kuma ka nemi juyin da kake ganewa. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932, aikin su Dokta Walter Miller na Zariya, shi kakanninmu suka haddace kuma har yau in dattijo ya jawo aya da ka sau da yawa daga can take fitowa, sai dai Hausarsa ta yi wa yaran yanzu nauyi, ga sababbin juyi nan an yi bayansa, ba zunubi ba ne ka ajiye biyu gefe da gefe, in ma Turanci ko yarenku ya fi shiga ranka ka haɗa da shi. Wanda bai iya karatu ba akwai na sauraro a waya, a sa masa a memori.

Yanzu ga inda maganar take, kuma nan ne yawancinmu muke zamewa. Ka sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare da biro. Bayan ka karanta ka rubuta abin da wurin ya nuna maka game da Yesu, sannan ka rubuta abu ɗaya tak da za ka yi yau saboda abin da ka karanta, abin da in dare ya yi za a iya tambayarka ka yi ko ba ka yi ba. Kar ka rubuta "zan ƙara ƙauna", wannan ba a iya auna shi kuma shi ya sa muke son rubuta shi. Misali ka kai Markus 11:25, inda aka ce in kun tsaya yin addu'a ku gafarta in kuna riƙe da wani a zuciya. Ka tsaya nan. Wa kake riƙe da shi? Ka san shi ai, sunansa ya riga ya faɗo maka tun kafin ka gama ayar, ƙila matar wanka ce da kuka yi cacar baki tun bikin bara har yanzu in kun haɗu a bakin coci kowa sai ya kama gyaran ɗankwali ko duba waya. Ka rubuta, yau zan kira ta in gaishe ta. Ko ka karanta labarin Zakka a Luka 19 da ya ce zai mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu, kai kuma ga dubu biyar ɗin wani a hannunka wata da watanni, in ya kira sai ka bar wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Ba wani dogon fassara ake nema ba a nan, ka kira shi ka ce ga abin da ya samu, sauran ƙarshen wata. Mai awo a kasuwa ya duba mudunsa. Yaƙub 1:22 ya ce mu zama masu aikata maganar ba masu ji kawai ba muna ruɗin kanmu, kuma a ganina aya biyar da aka yi biyayya da su sun fi sura goma da aka karanta don a samu abin ɗorawa a Facebook.

Addu'a kuma ka yi ta da bakin da kake magana da shi kullum, ba sai ka aro muryar fasto ba. In ka rasa ta cewa ka bi addu'ar Ubangiji layi layi kana tsayawa kana sa naka a ciki, wurin abincin yini ka ambaci kuɗin makaranta da na haya da sunansu, wurin gafara ka faɗi zunubin da sunansa kar ka tsaya a "zunuban da muka sani da waɗanda ba mu sani ba". Ranar da zuciya ta yi nauyi ka buɗe Zabura 13 ko 42, za ka ga mutanen Allah ma sun yi kuka sun tambaye shi har yaushe. Sannan ka ɗan yi shiru kafin ka tashi.

Kar ka yi tafiyar nan kai kaɗai. Ka nemi mutum ɗaya da ya girme ka a bangaskiya, namiji ya nemi namiji mace ta nemi mace, ba lallai mai muƙami ba, kowace ikilisiya tana da irin Maman nan ta zumuntar mata da ba ta taɓa riƙe makirfo ba amma duk wanda ya kwanta asibiti ita ce farkon zuwa da kunu a fulas. Ka je ka ce, Baba ko Mama, ina so ku riƙa tambayata yadda nake da Ubangiji. Sau ɗaya a mako ya wadatar, ka nuna masa littafin rubutun nan, ka ba shi izini ya yi maka tambayar da ba ka so. Haka Bilkisu da mijinta Akila suka ja Afolos gefe suka ƙara fayyace masa hanyar Allah a Ayyukan Manzanni 18, alhali shi gwanin wa'azi ne. Ko a ECWA kake ko COCIN ko EYN ko HEKAN ko Katolika, ko EERN a Nijar, akwai ajin nazarin Littafi da ƙungiyoyi irin su Sabon Rai, ɗalibai kuma ga FCS, wato zumuntar ɗalibai Kirista, ka shiga ɗaya ka tsaya a ciki. Amma ka yi hattara da wanda zai ce sai ta wurinsa za ka ji muryar Allah, ko sai ka sayi mai ko ruwa a hannunsa, ko ya hana ka tambaya. Mutanen garin Biriya a Ayyukan Manzanni 17 har maganar manzo Bulus sai da suka riƙa bincikawa a Nassi kowace rana.

Za a yi kwanakin da za ka karanta ka ji kamar jarida kake karantawa, ka yi addu'a ka ji ba ta wuce silin ba. Ba lallai Allah ya yi fushi ba ne. Ka duba ko akwai abin da ya nuna maka ka ƙi yi, in akwai ka koma can ka gyara. In babu, wataƙila gajiya ce kawai, Iliya ma a 1 Sarakuna 19 da ya ce ya gaji da rai, abinci da ruwa da barci aka fara ba shi kafin a yi masa magana. In ka yi fashin kwana uku ko sati kar ka ce sai sabuwar shekara zan sake farawa, kar kuma ka ce sai ka rama duk surorin da suka wuce a zama ɗaya, ka ɗora daga inda ka tsaya.

In ka gama Markus, kafin ka wuce Yohanna, ka nemi wani da bai fara ba, ƙaninka ne ko yaron shagonka ko wata a ajin baftisma, ku sake bin Markus ɗin tare daga sura ɗaya, shi ma ka saya masa nasa littafin rubutun da biro.