Darasi na 7: Canja wayar giya ta jirgin ruwa mai inji a ciki

Yau za mu koma bakin ruwa. Duk wanda ya taɓa zuwa dam ɗin Zobe ta wajen Dutsin-Ma ko na Jibiya ya san yawancin jiragen can kwale-kwale ne, wasu da inji rataye a baya. Amma akwai wani iri da injinsa ke zaune cikin jirgin kamar na mota, ƙafar da ke ɗauke da farfela ce kawai ke waje, kamar na kamfanin MerCruiser samfurin Alpha One, to shi za mu koya.

Daga hannun giya da ke wurin direba waya ta taso zuwa kan inji, daga nan wata ta biyu ta ratsa bayan jirgi ta shiga ƙafar. Wannan ta biyun ita ce mai ba da wahala, don kullum tana kusa da ruwa, in ta tsufa sai ta yi tsatsa ta riƙe. Alamarta giya ta yi tauri, ko kuma inji ya riƙa mutuwa duk sanda ka fitar da shi daga giya. Dalili kuwa akwai wani ɗan makunni a kan inji da ke ɗauke wuta na ƙiftawar ido don giya ta saki, in waya ta riƙe sai ta danne shi ya wuce ƙa'ida. Na taɓa ganin wani bawan Allah ya kwance kafireto har sau uku, ya canja fulogi, kuɗi sun tafi, alhali laifin na waya ne. Abin ya dame ni wallahi, shi ya sa nake nanata wannan wurin.

Sai an fito da jirgi tudu ake aikin. Cire kan batir tukuna, saboda hannunka zai taɓa farfela. Saka giyar gaba kafin ka kwance ƙafar, kada ka manta, a giyar gaba ake cire ta a giyar gaba ake mayar da ita. Saki sandunan da ke ɗaga ta, kwance noti shida, ka samu mutum ya riƙe maka don tana da nauyi.

Kafin ka zaro tsohuwar wayar ka lura da hanyar da ta bi, sabuwa ma nan za ta bi, babu lanƙwasa mai tsanani. Akwai wata roba mai kama da zugazugi da wayar ke ratsawa, ita ke hana ruwa shiga jirgi. Malam, ko ta yi maka kyau a ido canja ta, ƴar tsaga kamar ta farce ta isa ta cika jirgi da ruwa cikin dare kana gida kana barci. Sa sabon gaskit, shafa giris, mayar da ƙafa.

Yanzu saiti, nan ne aikin yake. Da giya a gaba, abokin aikinka ya tsaya a baya ya murɗa farfela ta hagu, wato akasin yadda hannun agogo ke juyawa, har ta cije ya riƙe ta haka, kai kuma a wurin inji ka tura bakin sabuwar wayar ciki ka auna da tef daga tsakiyar ɗan gangan tagulla da ake murɗawa a jikin wayar zuwa tsakiyar ramin da ke bakin waya, inci 6 ake so. In bai kai ba ko ya wuce, juya gangan a hankali ka sake aunawa.

Gwada da inji a kashe. A firi farfela ta juya ko'ina ba ƙas ƙas, a gaba ta cije ta hagu, a ribas ta cije ta dama. In ɗaya ya ƙi, koma kan gangan. Kuma kada ka tada inji a tudu ba ruwa, robar famfon da ke jawo ruwan sanyaya inji nan take take ƙonewa, bari sai ƙafar ta shiga ruwa sannan ka murɗa makulli.