Yadda Ake Ajiye Ɗanyen Kifi a Ƙanƙara Ba Tare da Zuba Masa Magani Ba

Akwai masu sana'ar kifi da ke ganin idan aka fasa kafso a ruwan ƙanƙara, kifi zai ƙara kwana. Dabarar tsohuwa ce. A 1959 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta yarda a sa chlortetracycline, wani maganin ƙwayoyin cuta irin na cikin kafso, a ƙanƙarar ɗanyen kifi da jatan lande, kuma yakan ƙara musu 'yan kwanaki. Kafin shekarun 1960 su ƙare aka janye izinin. Maganin yana kashe ƙwayoyin bakteriya masu rauni ne, masu jure masa su samu fili su yaɗu, ga kuma ragowarsa a naman da za a ci. Don haka bar kafso a kemis, sanyi ne ke yin aikin.

Da farko, kada ka bari kifin ya sha rana. Da an fito da shi daga ruwa, a nufi ƙanƙara.

Sai ka farke cikin, ka cire kayan ciki da jan naman nan na gefen kai da yake numfashi da shi, ka wanke yauƙi da jini da ruwa mai tsabta. A waɗannan wuraren ƙwayoyin da ke ruɓar da kifi, irin su Pseudomonas da Shewanella, suka fi taruwa. Shewanella ce ke haddasa ƙarnin nan mai hawa kai a kifin teku da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai.

Yanzu ƙanƙarar. Farfasa ta ƙanana. Babban dunƙule yana taɓa kifi ta gefe ɗaya kawai, yana kuma ƙuje shi. A zafinmu, kilo ɗaya na kifi yana son aƙalla kilo ɗaya na ƙanƙara. Shimfiɗa ta a ƙasan kula, jera kifi cikinsa na kallon ƙasa, rufe, sake jerawa, ƙanƙara ce ta ƙarshe a sama. Mai rowar ƙanƙara ya fi kowa asara.

Buɗe ƙofar magudanar kular ruwan ya riƙa fita, don kifin da ya kwanta a ruwan jini ya fi saurin lalacewa. Ƙara ƙanƙara kullum.

Kafin ka sayar, danna naman da yatsa. Idan wurin ya lotsa bai dawo ba, ido ya faɗa ciki ya yi hazo, kifin ya tafi.