Ga masu sake gina gida bayan gobara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda gobarar hunturu ta taɓa, Allah Ya mayar masa da alheri.

Asara ta biyu takan zo ne tun toka ba ta huce ba. 'Yan jari-bola sukan faɗa kangon da buhunansu, su kwashe ƙonannen kwano da rodi, musamman wayar lantarki saboda jan ƙarfen cikinta. Ku tattara su da kanku, a ɗora a sikeli ku sayar, kuɗin zai rage muku wani abu.

A fara da katanga da ƙofa mai kwaɗo kafin a taɓa ɗaki ko ɗaya. In kun je Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gini ta Kano, kada ku jibgo kaya gaba ɗaya, ku sayi na aikin kwana biyu ko uku, dama siminti in ya sha sanyin ƙasa daskarewa yake yi. Kan famfo da soket kuwa su kwana gidan maƙwabci amintacce har ranar ɗaura su. A ganina su suka fi saurin ɓacewa, don a aljihun riga ma sai a fita da su.

Kowace yamma a ƙirga buhunan siminti a gaban birkila, a rubuta. Ba zarginsa ake yi ba, mutuncinsa ake karewa. A shafa wa bakin rodi jan fenti don a gane shi in an sace, a rataya fitilar sola, sannan a sanar da mai unguwa da 'yan sintiri cewa ba wanda aka aika ɗaukar kaya da dare.