Mutum biyu a kwamfuta ɗaya, ba sai an rufe aiki ba

Jama'a, masu amfani da Ubuntu (tsarin Linux mai tafiyar da kwamfuta) a gida ko a shago: in wani zai hau kwamfutarka, ba sai ka rufe aikinka ba. Buɗe masa nasa asusun, sannan ka danna Switch User. Naka zai ci gaba da gudana a ɓoye. Ctrl+Alt+F1 na kai ka shafin shiga, Ctrl+Alt+F2 wajen wanda ya fara shiga, Ctrl+Alt+F3 galibi wajen na biyun.

Amma kada ka shiga GNOME, wato fuskar aikin Ubuntu da kake gani a allo, sau biyu da asusu ɗaya, rikicewa yake yi. Kuma kowa na cin nasa RAM ne, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. Kwamfuta mai RAM 4GB za ta ji jiki, musamman in ku biyun kun buɗe Firefox. Kafin ka kashe ta, tambayi ɗayan ko ya adana aikinsa.