Yadda nake ɗaukar hoton walƙiya a Legas

Babu yatsan da ya kai walƙiya sauri. Kafin ka danna ta wuce, don haka kar ka bi ta. Buɗe kyamara za ka yi ka jira, ita ta shigo da kanta.

Da dare abin ya fi sauƙi. Ka kafa kyamara a kan ƙafa-uku, ka mayar da ita manuwal, wato kai za ka saita komai da hannu: ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) 100, faɗin ramin shigar haske f/8 ko f/11. Ka saita fokas da hannu a kan fitila mafi nisa, kamar fitilun gadar Third Mainland in kana hango su, sannan kar ka ƙara taɓa shi. A ƙauye ana iya barin shata, wato ƙofar da ke barin haske ya shiga kyamara, a buɗe daƙiƙa 30, amma nan hasken gari kan wanke sama ta koma ruwan ƙasa, sai walƙiyar ta fito a dusashe. Ni daƙiƙa 8 zuwa 10 nake ba ta, in yi ta ɗauka a jere ba tsayawa. Daren da aka ɗauke wuta a Agege, kafin janaretoci su tashi, nan ne sama ke yin baƙi wuluk, har ƙananan rassan walƙiya su fito ɗaya-ɗaya bisa rufin kwano.

Da rana haske ya yi yawa. Ka sa gilashin ND mai rage haske don ka samu daƙiƙa ɗaya ko biyu. Mai waya ya ɗauki bidiyo, daga baya ya zaro hoton da ta faɗo a ciki.

Farkon damina, wajen Maris da Afrilu, da ƙarshenta a Oktoba sun fi tsawa, kuma hadarin galibi daga gabas yake tasowa. In kyamara ta kwana a ɗaki mai AC, ka fito da ita da wuri, in ba haka ba laimar Legas za ta lulluɓe gilashin da hazo.

Don Allah kar ka hau saman bene, kar ka tsaya bakin teku da ƙarfe a hannu. Ka ƙirga daga walƙiya zuwa tsawa: kowace daƙiƙa uku kusan kilomita ɗaya ce. In bai kai daƙiƙa 30 ba, ka shige ɗaki ko mota, ka manna kyamara da gilashin taga, ka kashe fitilar ciki.