Tuƙi a Siririyar Hanyar Karkara: Kada Gudunka Ya Wuce Ganinka

Abin da nake fara gaya wa duk wanda zai shiga siririyar hanyar karkara da mota shi ne, ya auna gudunsa da idonsa. In abin da kake hangowa kafin kwana bai wuce mita 40 ba, ka tabbata za ka iya tsayawa cak a mita 20. Na ce rabi ne domin hanyar ba ta ɗaukar mota biyu, kuma wanda ke tahowa ta bayan kwanar yana buƙatar nasa rabin.

Mota na cin ƙasa fiye da yadda ake zato. A gudun kilomita 60, kusan mita 17 kake shafewa duk daƙiƙa ɗaya, kuma kafin ƙafa ta bar totur ta sauka kan birki, daƙiƙar ta tafi. In ka ninka gudu, tazarar da birki ke buƙata ninki huɗu take yi. A kan burji ko tsakuwa abin ya fi haka, don taya zamewa take yi. Saboda haka ka rage gudu tun motar tana miƙe, ka sauko da giya, ka danna hon, sannan ka shiga kwanar. Birki a tsakiyar kwana shi ke juya bayan mota.

Wurin da na fi so a natsu shi ne bakin kwalta. Ruwan sama kan zaizaye gefen hanya har kwaltar ta zama kamar dakali. Kana kauce wa wata mota sai ka ji taya ta faɗa, motar ta karkata, tsakuwa na bugun ƙarƙashinta. Hannu zai so ya fizgi sitiyari nan take. Kada ka yarda. Fizgar nan ce ke wurga mota ɗaya gefen, ko ta kifar da ita. Riƙe sitiyarin da hannu biyu, ɗage ƙafa daga totur, bar tayar ta ci gaba da tafiya a ƙasa har gudu ya mutu, ka duba madubi, sannan ka hau kwaltar a hankali.

In kun yi kiciɓis da wata mota, wanda ya fi kusa da fili shi ke raɓewa, ko da sai ya yi ribas. A kan tudu kuwa a bar wa mai hawa hanya, tayar da mota a hawa ya fi wuya. Kai mai gangarowa ka sa ƙaramar giya inji ya riƙe motar, don birkin da aka daɗe ana takawa zafi yake ɗauka ya daina kamawa. Sakin mota ba giya a gangara don tsimin man fetur ganganci ne, ba na ɗaga wa kowa ƙafa a kansa.

Hanyar ba taka ba ce kai kaɗai. Akwai mai keke, mai babur, tarakta, da yara da kan ɓullo daga cikin shuka ba sanarwa. Dabba ɗaya in ta tsallaka, ka ɗauka 'yan'uwanta na biye. Tsaya su wuce, kada ka firgita su da hon. Babbar mota in ta tayar da ƙura a gabanka, ja baya, kunna fitila, kada ka yi gigin wuce ta alhali ba ka ganin gabanta.

Ruwa mai gudu a kan kwalbati ko mashigi, kada ka gwada shi. Zurfin santimita 30 ya isa ya ɗaga ƙaramar mota, kuma ba ka san ko ƙasan ya rufta ba. Jira ya janye ko ka juya.

Da dare ganinka ya tsaya inda hasken fitilarka ya tsaya. Rage wa mai tahowa haske da wuri. In nasa ya kashe maka ido, mai da kallonka gefen hanya na ɓangarenka, ka sassauta. Fitila ɗaya tilo da ka hango kuma kada ka yanke cewa babur ne, tana iya zama motar da fitilarta ɗaya ta mutu, don haka ka bar mata faɗin mota.